Kumburi da garkuwar jiki: abin da ya kamata mu sani kafin lokacin sanƙarau ya kama

Da zarar Disamba ta kama a yankin Savanes, sai hunturu ya sauko da ƙurarsa. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, tari da mura su zagaye gidaje daga Tandjouaré zuwa Dapaong har Cinkassé. Ma'aikatan lafiya kuwa a wannan lokacin ne suke ƙara sa ido, domin daga nan har saukar ruwan farko na damina shi ne lokacin sanƙarau.

Ba labarin nesa ba ne. A ranar 15 ga Fabrairu 2023 ma'aikatar lafiya ta Togo ta sanar da ɓarkewar sanƙarau a gundumar Oti Sud, nan kudu da mu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga tsakiyar Disamba 2022 zuwa 19 ga Maris 2023 an samu mutum 141 da ake zargin sun kamu, 12 suka rasu, kuma kusan rabin waɗanda abin ya shafa 'yan shekara 10 zuwa 19 ne. Wato dai 'yan makaranta, irin waɗanda muke tsayawa gabansu da alli kullum.

Wanda ya taɓa duba takardar asibiti zai ga likita ya rubuta méningite. Wannan wutsiyar "ite" a bakin likitoci kumburi take nufi: otite kumburin kunne, hépatite kumburin hanta, bronchite kumburin hanyoyin iska na huhu. Sanƙarau kuwa kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ke nan wanda ya gane yadda kumburi yake aiki ya gane rabin sanƙarau, ya kuma gane abubuwa da yawa da suke faruwa a jikin 'ya'yansa.

Me ke faruwa idan ƙaya ta soke ka?

Mu fara da abin da kowa ya sani. Manomi yana cirar gyaɗa, ƙaya ta shige masa ƙafa. Kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ya tasa, ya ɗauki zafi, yana zogi. Waɗannan alamu huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su kusan shekara 2,000 da suka wuce, kuma har yau su ake koya wa ɗaliban likita. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta: mai ƙafar ya kasa takawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙayar ba ta da hannu a yawancin wannan. Jikin ne da kansa yake yi. Fata ita ce katangar farko. Idan ta huje, ƙwayoyin cuta na ƙasa suka shiga, akwai wasu ƙwayoyin jiki da suke zaune a ƙarƙashin fata kamar masu gadi. Su ne suke fara shaida baƙo, sai su saki sinadarai, daga ciki akwai wanda ake kira histamin. Sinadaran nan suna sa ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya kwararo da yawa. Ja da ɗumin da ake ji ke nan. Bangon jijiyoyin kuma ya ɗan saki, ruwan jini ya tsiyayo cikin nama, wurin ya tasa. Zogin kuwa daga wasu sinadarai ne da suke tsokanar jijiyoyin jin ciwo, haɗe da matsin ruwan da ya taru. Shi ma yana da amfaninsa, don ba domin zafin ba da mai ƙafar ya ci gaba da taka ta cikin datti har ciwon ya ruɓe.

Duk wannan buɗe hanya ne domin fararen ƙwayoyin jini su iso. Na farko da suke zuwa su ne nutrofil, cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Su suka fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma ɓargon babban mutum yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana, saboda ba su da tsawon rai. Aikinsu haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita, su ma su mutu. Mugunyar da take fita daga maruru ko karkare yawancinta gawarwakinsu ne, haɗe da matattun ƙwayoyin cuta da narkakken nama. Bayansu sai makrofaj, manya masu cin saura, su share wurin, su ba da alamar a fara ɗinke nama.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya fara ganin wannan da idonsa a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin wata 'yar mitsitsiyar halittar teku wadda ake hango cikinta, washegari ya duba da madubin likita ya tarar da wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich na Jamus.

Kaluluwa da zazzaɓi

Iyayenmu sun daɗe da lura cewa idan yaro ya ji ciwo a ƙafa, kaluluwa takan fito masa a matsematsi, idan a hannu ne ta fito a hammata. Gaskiya suka gani. A waɗannan wurare, da wuya, akwai 'yan ƙulluttuka da ruwan nama yake bi ta cikinsu ana tace shi. Can ake kai gutsattsarin ƙwayar cutar a nuna wa rukuni na biyu na garkuwar jiki, waɗanda ake kira limfosit. Waɗanda suka dace da wannan cutar sai su yi ta hayayyafa, ƙullutun ya kumbura.

Wannan rukuni na biyu yana da nawa, amma yana da saiti. Wasu daga cikinsu suna ƙera antibodi, wani sinadari da yake manne wa irin ƙwayar cuta guda tak, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa kaɗai. Wasu kuma suna kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shige. A karon farko aikin yakan ɗauki mako 1 zuwa 2. Bayan an warke, wasu limfosit sukan zauna shekaru da hoton cutar a ajiye, idan ta dawo su tare ta kafin ma mutum ya ji a jikinsa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yi.

Zazzaɓi shi ma cikin wannan aiki yake. Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. Idan faɗan ya yi ƙarfi, sinadaran da fararen ƙwayoyin jini suke saki sukan kai ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ɗaga ma'aunin zuwa 38, 39 ko fiye. Rawar ɗarin da mai zazzaɓi yake yi a tsakiyar bazara ƙoƙarin jiki ne na kai wannan sabon ma'auni. Don haka zazzaɓi alama ce, kamar hayaƙi. Sauke shi da ƙwaya yana kawo sauƙi, amma abin da ya hura wutar yana nan, ko maleriya ce, ko taifot, ko wani abu da ya fi su gaggawa.

Inda kumburi ba shi da wurin zuwa

To, idan kumburi taimako ne, me ya sa sanƙarau yake kisa?

Ƙafa idan ta kumbura tana da fili, fata tana miƙewa. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne rufaffe. Ƙwayoyin bakteriya da suke kawo sanƙarau, musamman maningokok da numokok, sukan zauna a maƙogwaro da bayan hancin mutane masu lafiya ƙalau ba tare da sun yi musu komai ba. A lokacin da babu annoba ma, kimanin mutum 1 cikin 10 na iya ɗauke da maningokok bai sani ba. Suna yaɗuwa ta tari, atishawa da cunkoso a ɗaki ɗaya. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙurar hunturu, tare da murar lokacin, suna raunata tantanin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu kafa ta shiga jini, daga jini ta kai ruwan da ƙwaƙwalwa take kwance a ciki.

A nan garkuwar jiki takan yi abin da ta saba yi a ƙafa: ta buɗe jijiyoyi, ta turo ruwa, ta tara nutrofil. Amma babu inda kumburin zai je. Matsi ya hau kan ƙwaƙwalwa, kai ya yi ciwon da ba a taɓa ji ba, amai ya taso, wuya ya sanƙare saboda tantanin da ya kumbura ba ya jure a ja shi. Daga nan sunan cutar ya fito a Hausa. Kumburin yakan kai cikin kunne, shi ya sa wasu suke tashi sun kurumce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya 1 yana rasuwa, kuma 1 cikin 5 yana fita da babbar illa, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin fahimta. Mutuwar kuma tana iya zuwa cikin kwana ɗaya. Malamin makaranta yakan ga sauran illar bayan wata da watanni: yaron da yake amsa tambaya tun ba a gama ta ba ya koma yana kallon bakin malam, ana ɗauka taurin kai ne, alhali ji ne ya ragu.

Akwai wani tsoro da ya kamata mu yi magana a kansa, wato ɗibar ruwan baya. Mutane da yawa a zango suna cewa allurar baya ce take ƙarasa mara lafiya. Abin da yake faruwa shi ne, sai wanda cutar ta yi wa tsanani ake yi wa, sau da yawa kuma an kawo shi a makare, idan ya cika sai a ɗora wa allura. Ruwan da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, jiki kuma yana samar da kusan rabin lita nasa a kowace rana. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na famfo, na mai sanƙarau kuwa yakan fito a gurɓace saboda fararen ƙwayoyin jini da suka cika shi. Da shi ake gane wace ƙwaya ce, da shi kuma hukuma take sanin ko akwai rigakafin da ya dace a kawo wa gari.

Tarihin da ya shafe mu

Arewacin Togo yana cikin zirin ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, da wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya bayyana a 1963 a matsayin yankin sanƙarau. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama sama da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. 'Yan uwanmu na Kano da Katsina da Maraɗi ba su manta da ita ba.

Yawancin annobar wancan zamani nau'in A na maningokok ne yake kawo ta. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. A 2014 ta iso arewacin Togo, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Tun daga nan nau'in A ya kusa ɓacewa a yankin baki ɗaya.

Sai dai ka tuna maganar mabuɗi da kwaɗo. Antibodin nau'in A ba ya kama nau'in W ko C, balle numokok wanda wata ƙwayar ce daban. Shi ya sa a 2016 nau'in W ya kama kusan mutum 2,000 a Togo, ya kashe sama da 120, abin ya fi ƙarfi a yankin Kara, musamman Dankpen. A 2019 sanƙarau ya sake ɓulla a Kpendjal. Na Oti Sud a 2023 kuwa numokok ne. Duk wanda ya ce ai an yi wa yara allura amma ga sanƙarau ya dawo, don haka allurar banza ce, bai san wannan bambanci ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ta haɗa nau'i 5: A, C, W, Y da X.

Alhazanmu sun san wani ɓangare na labarin. Bayan nau'in W ya ɓulla a aikin Hajji na 2000 da 2001, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, Saudiyya ta wajabta allura mai nau'i 4 ga duk maniyyaci, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa. Kwana goman nan lokacin da limfosit suke bukata ne su ƙera antibodi. Allurar rigakafi ba komai ba ce illa nuna wa garkuwar jiki kamannin cuta ba tare da cutar ba. Ɗan kumburin dantse da ɗumin jiki na kwana 1 ko 2 da yake biyo baya shaida ce cewa jiki ya karɓi darasi. Kada ya sa uwa ta ɓoye katin yaro ta ƙi komawa.

Ƙwayoyin kasuwa

A kowace kasuwa tamu, da tiren masu yawo da magani a ka, ana samun ibuprofen, diclofenac da aspirin, ana sha kamar gyaɗa: ɗan zemijan don ciwon baya, mai dako don gajiya, tsohuwa don gwiwa. Waɗannan suna aiki ne ta hanyar toshe ƙera sinadarin prostaglandin, wanda yake kawo zogi da zazzaɓi. John Vane na Ingila ne ya gano haka a 1971. Matsalar ita ce wannan sinadarin shi ne kuma yake kare bangon ciki daga tsamin da yake narkar da abinci, yana kuma taimakon ƙoda. Mai shan su kullum, musamman cikin wofi, yana kiran gyambon ciki da ciwon ƙoda. Masu haɗiyar su da asuba a watan azumi su wuni ba ruwa, su kula sosai. Idan kuma zazzaɓin dengue ne, irin wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, waɗannan ƙwayoyi na iya jawo zubar jini. Aspirin kuwa ba a ba yaro mai zazzaɓi. Paracetamol ya fi sauƙin haɗari idan an tsaya a ƙa'ida, amma shi ma idan ya wuce kima hanta yake ci.

Wanda ya fi su ban tsoro shi ne dexamethasone da danginsa. Magani ne mai ƙarfi da yake danne garkuwar jiki gaba ɗaya. A hannun likita yana ceton rai. A 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna ya rage mutuwa da kashi 1 cikin 3 a tsakanin masu korona da aka sa wa na'urar numfashi, domin su ma kumburin da ya wuce gona da iri ne yake lalata musu huhu. Amma 'yan matanmu da suke shan sa don su yi ƙiba, da masu shafa man bilicin da aka zuba irinsa a ciki, suna kwance wa jikinsu damara ne. Ƙibar ruwa ce da kitse, bayanta kuma ga hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da ciwon da ba ya warkewa.

Haka nan antibiyotik. Bakteriya yake kashewa, ba ya komai ga bairos ɗin mura. Ƙwaya 2 ko 3 da aka saya a tire ba sa maganin sanƙarau, sai dai su rufe alamu su ɓata gwajin asibiti. Maganinsa allura ce mai ƙarfi irin ceftriaxone, a asibiti, da wuri.

Yaushe za a jira, yaushe za a ruga?

Ƙaramin ciwo a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu. Idan ja da kumburin suna raguwa bayan kwana 2 zuwa 3, jiki ya yi aikinsa. Idan kuwa suna faɗaɗa, ko jan layi ya taso daga ciwon yana hawa, ko zazzaɓi ya shigo, a nemi ma'aikacin lafiya. Maruru na fuska, musamman kusa da hanci, ba a matsa shi, ba a yi masa sakiya.

Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya tare da ɗaya daga cikin waɗannan: matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙin haske, amai, ruɗewa ko surutai, jijjiga, barcin da ba a iya tayarwa, ko ɗige-ɗige masu duhu a fata. Jariri shi ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. A duba maɗigarsa ko ta tasa, ko ya ƙi mama, ko yana wani irin kuka mai tsini, ko jikinsa ya saki. Maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa ita ma haka take kama, kuma ido ba ya raba su, sai gwaji. A kai ɗakin shan magani mafi kusa ko da tsakar dare ne, su za su san ko a tura CHR na Dapaong, ko asibitin yara na Yendubé, ko CHR na Sokodé ga waɗanda suke can tsakiya.

Mun sani, idan yaro ya fara jijjiga yana juya ido, abin da yake fara zuwa bakin mutane shi ne iska. Babu mai hana addu'a, kuma addininmu da ya koyar da addu'a shi ya yi umarni da neman magani. A yi tofin a bisa babur ana tafiya. Abin da ba shi da kyau shi ne a kwana biyu ana turare, sai jiki ya saki sannan a nemi mota.

Garkuwar jiki kuma da abinci ake gina ta. Yaro mai tamowa ba ya iya ƙera sojojin da za su tare cuta. Dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa da wasu gidaje har yanzu suke matsewa su zubar, cike yake da antibodin uwa, shi ne rigakafin farko na jariri. Yara masu sikila saifarsu takan lalace tun suna ƙanana, don haka numokok ya fi yi musu illa, zazzaɓinsu ba na jira ba ne. Alluran jarirai na wata-wata, waɗanda tun 2014 suka haɗa da ta numokok a Togo, a kammala su. Malaman allo da na islamiyya su ma suna da nasu aikin: ɗakin kwanan almajirai ya samu taga, a rage cunkoso, kuma yaron da ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai a watannin nan kada a bar shi a lungu a ce zai warware.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Hunturu dai zai zo, ƙura za ta tashi kamar kowace shekara. Abin da yake hannunmu shi ne katin allura, sanin alamu da saurin kai mara lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare mana zuri'a.